Ba Wanda Ya Gaya wa Mutanen Ruga

Asabar da dare, ƙarshen Disamba

Na kasa barci. Da safe muka tafi ƙauye da yara kallon wasan da matasa ke yi duk shekara, na yadda kakanninmu suka tare sojojin Bature a bakin dutse. Na dafa shinkafa, muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Ƙaramata Ladi har da tsalle da aka fito da Baturen, an shafe masa fuska da garin rogo.

Da ma kafin a harba bindigogin toka, akan aika wa Ardo a rugar tsallaken rafi cewa wasa ne. Bana kowa ya ɗauka wani ya je. Ba wanda ya je. Suna jin harbi da ihu, matansu suka kwashi yara suka shiga daji. Kafin la'asar labari ya kai Kafanchan wai an kai hari.

Mijina ya ce min, "Ki kai yara gida, ni da Fasto za mu je mu ba Ardo haƙuri." Na riƙe masa riga, ya cire hannuna a hankali. Tun magariba wayarsa ba ta shiga. Duk babur ɗin da ya wuce sai na leƙa.

Kafin Ladi ta kwanta ta tambaye ni ko waɗanda suka faɗi a filin duk sun tashi. Na ce sun tashi mana, ai wasa ne.

Ya Ubangiji, ka sa mutanen rugar su bari mijina ya faɗa musu haka tukun.