Balan-balan Daidai Tsayin Bene

Yaya Graciete,

Gaisuwa mai yawa daga Rotterdam. Yaya ƙafar Baba? Ki ce masa lafiyata ƙalau. Aiki ne dai ya ɗan tsaya tun Janairu, amma kada ku damu.

Ana son gina benen gidajen zama mai hawa arba'in a bakin ruwa, jikin tashar jirgi. In aka amince, mu magina mun samu aikin shekara uku. Kafin taron unguwa kan maganar, hukuma ta ɗaga jan balan-balan da igiya daidai tsayin ginin, kowa ya gani. Maƙwabciyata tsohuwa Riek, mai ba ni miyar wake duk lokacin sanyi, ta tsaya cikin dashen tumatirinta tana kallonsa.

"Anselmo, ɗan nan, rana za ku tare mini," in ji ta. "Hawa goma bai ishe ku ba?"

Na ce matasa ba su da wurin kwana. Ta ce ta sani, jikarta ma a ɗakin ƙawarta take raɓe.

A taron na ɗaga hannu a yi ginin, Yaya, kuma ta gan ni. Jiya sai ga miyar, da zafinta.

Don Allah ki aiko mini da irin kabejinmu, wanda ke jure inuwa, in ba Riek. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Anselmo