Ɓallin Gilashi a Man Kaka

Pangai, Ha'apai,
14 ga Agusta, 1987.

Zuwa ga yayata Sulieti,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninki. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Alifeleti da jaririyarmu Valeti, takwarar Kaka, wadda har yanzu a hoto kawai na san ta. Ya ƙara miki ƙarfin jiki bayan haihuwa, ya kare ku daga sanyin Auckland da ake ba mu labari. Mu nan ƙalau muke. Baba ya haƙe doyar gonar tudu, ta yi kyau bana. Aladiyar Mama ta haifi tara, ta kwanta a kan biyu sun mutu. Kaka tana cin abinci sosai, sai dai idon ya tafi gaba ɗaya, yanzu ko hasken ƙofa ba ta rarrabewa. Kawu Filipe yana nan yadda kika bar shi, bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Na san telegiram ɗina ya riga wannan takarda isowa, na kuma san ya tayar miki da hankali. Kalma biyar ce kawai: kada ki shafa man Kaka. Ma'aikacin gidan waya ya yi ta kallona yana jiran ƙarin bayani, na ce masa ya buga abin da na ba shi, ba hira na zo ba. Ke ce kike da haƙƙin jin bayanin, ga shi kuwa, kuma ba zan gyara shi don in fito da kyau ba.

Tun ranar da labarin haihuwarki ya zo Kaka ta ce ba man kanti da zai taɓa jikin takwararta. Da wannan makanta ta zauna a kan kujerar kankare kwakwa, ta hana kowa karɓa, kwana uku tana yi tana hutawa. Furannin da za su ba man kwakwar ƙamshi ma da hanci ta zaɓe su, duk wanda Mama ta miƙa mata sai ta sunsuna, rabi ta watsar. Ta haɗa da garin itacen sandal ɗin nan mai ƙamshi da take ɓoyewa a akwatinta, aka yi ta shanyawa a rana har man ya tsattsafo. Da aka gama ta ce kafaɗunta sun faɗa mata wannan ne na ƙarshe. Duk wahalar nan, abin da ya fito bai wuce cikin kwalba ɗaya ba.

Kwalbar da ta zaɓa ta barasar Kawu Filipe ce, wadda abokinsa ma'aikacin jirgi ya kawo masa, mai kauri mai faɗin ciki, don murfinta ba ya yoyo a cikin kaya. Matsalarta ɗaya: a cikin wuyanta akwai matoshin roba mai ɗan ƙwallo, wanda ke barin barasa ta fito amma ba ya barin komai ya shiga. Sai an cire shi kafin a zuba mai. Kaka ta ba ni aikin, ta kuma faɗa mini yadda ake yi: in kifa wuyan cikin ruwan zafi har robar ta yi laushi, sannan in saƙala ƙugiyar kifi in ja a hankali. Sau biyu ta maimaita kalmar a hankali, don ta san wanda take magana da shi.

Ranar Alhamis ce, ranar da Gwaggo Luseane za ta hau jirgin ruwa zuwa Nuku'alofa, babban birninmu, daga can ta tashi a jirgin sama ta kai muku man. Ruwa bai ko fara ɗumi ba Kawu Filipe ya zo ya zauna a bakin madafa ya fara. Wai ga malamin da ya yi digiri a tsofaffin jaridun naɗe kifi, kwalba ta gagare shi. Na karanta masa rubutun jikin kwalbar da Turanci, na fassara masa, na ce shekara ashirin yana shan abin da bai taɓa sanin sunansa ba. Ya yi dariya ya ce to, mai Turanci, me ya sa kwalba ta sami izinin shiga Auckland, kai an hana ka har sau biyu? Yaya, kin san inda wannan magana ta same ni. Na ce masa ai kwalbar ma ta fi shi amfani, ita ko ba komai da ta zama fanko an sami abin yi da ita. Mama ta ce in tuna ƙaninta ne. Ana cikin haka jirgi ya yi ƙara daga tasha.

Sai na fizge kwalbar daga ruwan, na ajiye ƙugiya, na ɗauko sukudireban Baba. Na cusa shi tsakanin robar da gilashin na danna da duk haushin da ke cikina. Matoshin ya yi tsalle ya fita, amma kafin ya fita na ji wani ɗan sauti, ƙas. Kaka ma ta ji, kin san kunnenta. Daga kan tabarmarta ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce ba komai, robar ce ta fita. Ta ce in kawo ta shafa bakin kwalbar. Na ce Kaka jirgi zai tashi, na riga na duba, lafiya lau. Ban duba ba. Tsoron dubawa nake yi, don in na ga tsagi dole in faɗa a gaban Kawu Filipe. Na zuba man, na ɗaure murfi, na naɗe da tsumma, na ruga da shi tasha. Gwaggo ta karɓa ta ce yau dai na yi abin kirki.

Matoshin na jefa shi a aljihu. Da na dawo na fito da shi, sai ga ɓallin gilashi manne a gefensa, siririn abu kamar farcen jariri, gefe ɗaya a karye. Sauran ɓallin ba ya ƙasa, na share madafar nan kaf da hannuna. Ba ya aljihuna. Wuri ɗaya ya rage da zai kasance, kuma wurin yana cikin jakar Gwaggo a tsakiyar teku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: kwana shida na yi shiru. Gwaggo tana Nuku'alofa har ranar Talata, saƙo ɗaya ta rediyo ya isa ya tsayar da ita. Amma saƙon rediyo duk tsibiran nan ke ji, ni kuma ba na so a ji. Na yi ta yi wa kaina wayo irin na mai ɗan karatu. Na ce gilashi ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa. Na ce kafin ki kai ƙasan kwalba yarinya ta yi wayo. Ranar Lahadi a coci aka yi wa wani jariri baftisma, jikinsa na sheƙi da mai, uwarsa tana murza masa ƙafa da tafin hannu yadda duk matanmu ke yi, da ƙarfi. Na tuna ke kina girgiza kwalba kafin ki zuba, tun muna yara haka kike. Na fita waje kafin a gama waƙa. Duk da haka sai da na ƙara kwana uku.

Ranar Laraba da rana Kaka tana zaune tana lissafin cewa yanzu man ya isa, wataƙila ma an yi wa takwararta wankan farko da shi. Tana murmushi. Ban san lokacin da na durƙusa na sa mata matoshin a hannu ba. Wauta ta biyu ke nan, don ban gargaɗe ta ba, ta shafa, ɓallin ya yanke ta a babban yatsa. Ta sa yatsan a baki, ta saurare ni har na gama. Na so ta zage ni, na saba da zagi, ina da amsarsa. Ba ta yi ba. Cewa ta yi tun da idonta ya tafi, da namu take gani, kuma ranar nan ta tambayi idonta, idonta ya yi mata ƙarya. Daga nan ta ce in tashi in tafi gidan waya tun ba a rufe ba. Na tarar an rufe, sai jiya da safe aka buga.

Ga roƙona. In ba ki buɗe kwalbar ba, kada ɗigo ɗaya ya taɓa yarinyar, ko an tace. In kin riga kin shafa mata, ki duba ta a wuri mai haske, bayanta da wuyanta da matsematsin cinya da tsakanin yatsu, ki kai ta asibiti ko ba ki ga komai ba, ki faɗa musu gaskiya: kawunta ne ya yi. Amma kada ki zubar da man. Ki ajiye shi can sama inda hannu ba ya kaiwa. In ta girma ki buɗe mata ta sunsuna, don shi ne na ƙarshe da ya fito daga hannun mai sunanta, kuma ni na mayar da shi abin da ba a taɓawa.

Tun jiya nake kan kujerar kankare. Kaka ta ce kwakwa arba'in, ni zan kankare, ni zan matse, ita hancinta kawai za ta ba da aro. Kawu Filipe ya zo ya buɗe baki, ya ga fuskata, ya rufe, ya zauna yana fasa mini kwakwar. Ban ce masa na gode ba tukuna. A kwalbar zuma mai faɗin baki za a zuba wannan karon. Na wanke ta na ce wa Kaka ba tsagi. Ta miƙo hannu, da tsumma a yatsanta, ta zagaya bakin da kanta har sau uku. Haka take yi yanzu da duk abin da na ba ta, har kofin shayi.

Ki gai da Alifeleti, ki ba shi haƙuri a madadina. Ki gai da Gwaggo Luseane, ki faɗa mata ta janye yabon da ta yi mini a tasha. Baba da Mama da Kawu Filipe suna gaishe ku. Kaka ta ce a sumbaci takwararta a tafin ƙafa.

Ba na neman ki yafe mini a takardarki ta gaba. Layi ɗaya nake so: yadda kika sami fatar yarinyar. Jirgin wasiƙa yana sauka Talata da Asabar, kuma duk ranar zan kasance a bakin gidan waya.

Ƙaninki mai laifi,
Kepueli