Saniyar Da Ba Ta Fita Daga Jerin Yanka Ba

Malama, ki taimake ni, gidana na neman tarwatsewa a makon da ya fi kowanne daɗi a rayuwata. 'Yata ta haifa mini jikata ta fari. Na ɗauke ta a asibiti, ta damƙe mini ɗan yatsa, na yi ta dariya ina hawaye har ma'aikatan suka zo kallona. Tun ranar ban sake ganinta ba.

Kiwon shanu muke yi. Ɗana ke kula da garke, surukina, uban jaririyar, shi ke kai dabbobi mayanka. Ni sai da furfura ta fito mini na shiga makarantar yamma ta manya. Daga karatu da rubutu na zarce ajin kwamfuta, har na iya rubuta 'yar manhaja. Na yi wa gonarmu guda: ta bi jerin shanun da za a yanka daga sama zuwa ƙasa, duk mai ciki ta cire ta. Na nuna wa kowa, har direban da ke kawo mana dusa.

Ranar da abin ya faru, surukina ya karɓi jerin ya loda shanu. A ciki har da wata farar saniya da ɗana ya rena da kwalbar madara tun uwarta ta mutu. Ɗana ya bi su a guje, ya tarar an riga an farke ta, ga ɗan maraƙi a ƙasa cikin jini. Bai tambayi kowa ba. Ya shaƙe surukina, ya buga masa kai da bango, ya fizgo ƙugiyar rataye nama ya maka masa a baki, haƙora suka zube. Shi kuma da wuƙa a hannunsa, ya tsarge wa ɗana dantse har ƙashi. Na shiga tsakani aka watsar da ni cikin kwata. Da ƙyar mahauta suka ɓamɓare su.

Ɗana ya ce da gangan surukina ya mayar da saniyar cikin jerin. Surukina ya rantse abin da kwamfuta ta ba shi ya bi, kuma ɗan gidanmu ba zai ƙara taka masa ƙofa ba, har ni. 'Yata sai kuka a waya. Na duba jerin asali, an rubuta farar saniyar tana da ciki, daidai ƙarƙashin wata mai cikin da manhajar ta cire lafiya lau. To wa ke ƙarya? Jaririyar nan kullum canzawa take yi, ni kuwa a hoto nake ganinta.

Sabon Kaka

Baba, barka da samun jika, Allah ya raya ta. Babu mai ƙarya a cikinsu. Amsar tana cikin jimlarka ta kusa da ƙarshe.

Ka ɗauka mutane ne zaune a benci kana nuna su ɗaya bayan ɗaya kana yi musu tambaya. Ka ta da na uku, sauran suka matso, na huɗu ya koma gurbinsa. Yatsanka kuwa ya wuce zuwa gurbi na huɗu, wanda ya matso bai sha tambaya ba. Haka manhajarka ta yi, domin tana cirewa daga jerin da take kan bi. Duk sa'ad da masu ciki biyu suka jeru, ta biyun za ta tsallake. Masu digiri ma suna faɗa wa wannan ramin, kada ka ce tsufa ne.

Gyaran ba wuya. Bar jerin asali yadda yake, ka buɗe sabo, manhajar ta riƙa zuba marasa ciki kaɗai a cikinsa. Ka gwada da masu ciki biyu a jere. Kafin nan kada a ƙara loda ko saniya ɗaya da tsohon jerin, kuma daga yau mutum ya shafa cikin kowace kafin a kai ta.

Surukinka ya yi sakaci, mai kai shanu mayanka ya kamata ya dubi dabba, ba takarda kaɗai ba. Amma ɗanka ne ya fara kai hannu, a kan zargin da ba shi da tushe, kuma saura ƙiris jikarka ta tashi babu uba ko babu kawu. Shi zai fara ba da haƙuri.

Ka fara da ɗanka. Zaunar da shi gaban kwamfutar, ya ga saniyar tana tsallakewa da idonsa. Sannan ku tafi gidan surukinka da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka faɗa da bakinka cewa kuskuren daga aikinka ne. Na san zai yi maka ciwo, bayan har direban dusa ya gani. Amma kai kaɗai ke da maganar da za ta wanke su duka biyun.

Allah ya ba su lafiya, ya sanyaya zukata. Ka sa riga mai tsabta ranar, Baba, akwai mai jiran ɗan yatsanka.