Inna Ta Ƙi Shiga Mota Mai Ƙafar Aro

Zuwa ga Gwaggo Hansatu,

Don Allah Gwaggo ki taimake ni, ruwa na tahowa kuma Inna ta ƙi tashi.

Ni fataucin busasshen kifi nake yi a Yelwa, amma asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Ngaski, bakin kogin Kwara, cikin waɗanda ruwan dam ɗin Kainji zai cinye bana. Mutane sun koma sabon garin da gwamnati ta gina a tudu, saura gidaje ƙalilan, har da na mahaifiyata. Ƙafafunta sun gaji, ba ta iya zaman jaki, jirgin ruwa kuma ba ya hawa tudu. Sai mota.

To ina da mota, ƙarama, na saye ta hannun wani akawu. Mota ce mai ladabi, amma don kwalta aka yi ta. A hanyar ƙauyenmu in ta ga rami sai ta zauna ciki. Birkinta kuwa sai ka fara roƙonsa tun daga nesa. Na kai ta wurin Garba bakanike, ya ce akwai wata jif ta 'yan safiyo masu awon ƙasa da injinta ya buga aka yi gwanjonta, amma ƙafafunta garau. Ya ciro sifirin da birki da tayoyi, ya yanke nan, ya yi walda can. Motata ta tashi sama kamar an ɗora akwati kan raƙumi. Yanzu in na taɓa birki, hulata ke riga ni sauka. Sifirin ɗin kuma tauri gare shi, kowane dutsen hanya na san shi a ƙuguna, ga wani kuka da yake yi, ƙiiƙi ƙiiƙi, sai ka ce zabuwa. Garba ya ce za a saba. Ban tambaye shi ni ne zan saba ko sifirin ba.

Na isa ƙauye lafiya, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Amma Inna, idonta ne ya yi rauni, kunnenta tabɗi! Ban kashe mota ba na ji ta daga zaure tana cewa masu jan fenti sun dawo. Ashe jif ɗin nan ce ta kawo 'yan safiyo ranar da suka shafa wa katangarmu jan fenti suka ce gidan ya zama na ruwa. Kukan ƙarfen nan bai bar kunnenta ba. Na ce mata ni ne, na kuma gaya mata gaskiyar inda ƙafafun suka fito. Ta ce ƙafar da ta kawo mata ruwa ba ita za ta fitar da ita daga ɗakin mijinta ba.

Na lallashe ta iyakar iyawata. Na ce gidan can na siminti ne, har an ce za a kawo injin niƙa, ba sai ta wahala da tarkace ba, dutsen niƙanta da duwatsun murhu da tsohon ƙyauren ɗakin marigayi Baba duk a bar wa kifi, ta ɗauko tufafinta kawai. Ni ɗan fari ne, dama ba ta kiran sunana. Ran nan ko "kai wannan" ban samu ba, bango ta juya ta fuskanta.

Na koma wurin Garba ya mayar mini da tsofaffin ƙafafun, ya ce suna ƙarƙashin amalanken wani mutumin Shanga. Matata Barakatu ta ce in ce wa Inna an canza. Wa zai yi wa kunnen Inna ƙarya? Ruwa ya riga ya shafe fadamarmu, ya kama gindin tsamiyar da ke bayan gida. Wallahi Gwaggo tsoro nake ji, kada in wayi gari a ce maƙwabtan da suka rage sun tashi sun bar ta ita kaɗai. In ɗauke ta da ƙarfi ne?

Mai Mota Da Ƙafar Aro, Yelwa

*

Ɗana,

Kada ka ɗauke ta da ƙarfi, kada kuma ka bi shawarar Barakatu. Tsohuwar da ta gane mota da kukan sifirin, ƙaryarka ba za ta wuce zaure ba.

Ba ka yi laifi da ka ƙara wa motarka ƙafa ba, don uwarka ka yi, kuma ta kai ka. Amma birkin da ke tuɓe maka hula zai jefa tsohuwa kan gilashi. Ka koma wurin Garba ya daidaita na gaba da na baya, ya sake duba waldarsa, ya cika sifirin da giris. Ka tsaya a kansa har ya gama, kada ya sake ce maka za a saba.

Ita ma Inna tana da gaskiyarta. Baƙi sun zo sun ce gidanta na ruwa ne, ta daure. Sai ga ɗan cikinta ya zo da kukan motarsu, ya ce dutsen da ta niƙa hatsin da ya raine shi tarkace ne. Haba ɗana! Ka sake karanta wasiƙarka: da ta ji zancen ƙafa, magana ta yi maka. Sai da ka ce a bar wa kifi ƙyauren mijinta ta juya maka baya.

Na tambayi wani tsohon direba, ya ce sifirin ɗin jif don kaya aka yi shi. In ba nauyi a kansa sai tsalle da ƙara, in ya ji nauyi sai ya kwanta ya yi laushi. Ka ga ke nan motarka ma tarkacen Inna take nema.

Ka tafi da kafinta da ƙarti biyu, tun ruwa bai wuce tsamiya ba. Kada ka ce mata ta shiga mota. Durƙusa ka ba ta haƙuri, ka tambaye ta me za a fara ɗauka. A cire ƙyauren a hankali a ɗaure shi a sama, dutsen niƙa da na murhu a baya, randa a naɗe ta da tabarma. Ka ɗan zagaya da kayan a fili ka gwada birki, ita kuma ta saurara da kunnenta. Ka bar ta ta je kabarin mijinta ta yi sallama, ko za ta wuni a can kada ka danna mata ham.

Ban yi maka alkawarin za ta yafe wa jif ba. Amma macen da ta ji ana fita da murhunta da ƙofar mijinta ba za ta zauna ba ta san inda za su kwana ba. Za ta bi su, ko don ta tabbata ba ka fasa mata randa ba.

Allah ya kai ku tudu lafiya, ya sa ranar da ta hura wuta a can ta sake ce maka "kai wannan".

Gwaggo Hansatu