Littafin da Na Bar wa Likita

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan kowa lafiya, jikanyata ta auta har ta fara tafiya.

Bayan haka, akwai maganar da ba zan iya yi ta waya ba. Wata huɗu ke nan ina ganin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye. Tun rasuwar maigidana Malam nake jin yana kirana daga ɗakin karatunsa, sau biyu kuma na bar tukunya a wuta na fita. Da sunana na ƙuruciya na yanki kati. Likitan ya tabbatar mini duk abin da na faɗa amana ce, ba zai sanar da kowa ba sai in rayuwata na cikin haɗari. Kin san halina: shekara talatin ina shugabar makaranta, ban saba kai kuka da baki ba. Sai na rubuta komai a littafi, da rana da lokaci, na miƙa masa, ya sa a fayil.

Ranar Talata matar da ke ɗakin ajiye fayil ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ɗalibata ce a da, wai har yau rubutuna bai canza ba, har da jan layin da nake yi. Matar nan kuwa aminiyar matar ɗana ce. Na sanar da likita. Ya ba ni haƙuri, ya ce babban laifi ne, ya kulle littafin a teburinsa. Amma ai ta riga ta karanta.

Jiya ɗana ya zo ba sanarwa. Kafin ya zauna sai da ya shiga kicin ya duba murhu, sannan ya ce sun yi wa ɗakin baƙinsu fenti. Ina tsoron a kwashe ni, a rufe gidana, a riƙa miƙo mini magani a tafin hannu kamar yarinya. Idan ya kira ki neman shawara, don Allah kada ki ɓoye mini.

Ki gaida maigidanki, da babbar 'yarki, da takwarata. Idan kin karanta ki ƙona takardar nan. Ita ma da hannuna na rubuta ta.

Taki har kullum,
Yayarki