Shaidar da Na Bayar a Kan Thanga

Nuzla, Jidda
9 ga Safar

Zuwa ga ƙanwata Bashira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ubale da yara, ya kuma ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Ɗana Zaharadden yana unguwar Safa da iyalinsa, 'ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini. 'Yata Sajida ce ke rubutawa, na ce ta sa yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara.

Akwai mutumin da ban taɓa ba ki labarinsa ba, sunansa Thanga. Shekara goma sha tara muna aiki a sito guda a Madinar Masana'antu, ni ina gadin ƙofa, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya. Takardunsa na Indiya ne, amma ya ce shi Mizo ne, mutanen kan duwatsu, kuma Kirista. A inuwar kwantena muke cin abincin rana, muna hira da guntun Larabcinmu. A nan ya ɗora mini tarihin kakan babansa, wai tunda ban yi boko ba, ba zan manta ba. Kin san ni na riƙe sunayen gidanmu har kaka na bakwai, to na ƙara nasa a kai.

Sunan mutumin Saitluanga, sarkin wani ƙauye ne a ƙoƙuwar dutse. Da Turawan Ingila suka hau ƙasarsu, sai suka ce ya ba su shinkafa da mazan da za su yi musu dako. Ya aika musu cewa mutanensa ba dabbobin kaya ba ne. Suka ƙone rumbunansa, ya kwashe jama'a ya koma dutsen gaba. Suka bi shi suka ƙone, ya ƙara gaba, har sau uku. Daga baya suka kira shi sulhu, da rantsuwar ba za a taɓa shi ba. Ya sauko da mutum biyu, suka sa masa sarƙa, suka kai shi kurkuku a wata ƙasar zafi. Can ya mutu, ba wanda ya san kabarinsa. A al'adarsu kuwa, in ji Thanga, duk inda mutum ya mutu sai an ɗauko shi gida, ƙauye na miƙa wa ƙauye, a lulluɓe shi da baƙin zanen da matarsa ta zo da shi ranar aure. Matar sarkin ta tsufa da nata a ninke. Thanga ma nasa na cikin akwati. Ya sha gaya mini mutum ɗaya da aka binne a baƙuwar ƙasa ya ishi gidansu, kada in bari ya zama na biyu. Na ce masa na ɗauka.

Wata biyu da suka wuce ya sauko daga motar, ya ce ƙirjinsa, ya zauna a kujerata. Kafin in kawo ruwa rai ya yi halinsa. Ba kowa a wurin sai ni. Ban yi kuka ba, Bashira. Na rufe masa ido, na kira manya, na koma na buɗe wa wata tirela ƙofa don tana ta oda.

Hukuma ta ce ba za a saki gawar ba sai wanda ya ga rasuwar ya zo ya ba da shaida, in kuma wa'adi ya cika, a nan za a binne shi. Kin san da umara na shigo, shekara talatin da ɗaya ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Kafilinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, ya ce in ɓace, kada ma a ji na taɓa aiki a wurin. Zaharadden ya zo da mota har Nuzla, ya ce in bar maganar haka nan, matacce bai san inda aka sa shi ba, mai rai kuwa yana da jikoki. Maƙwabta suka ce ai ba musulmi ba ne, babu nauyinsa a kaina. Na ce ranar da na ɗauki alkawarin ban tambayi addininsa ba, kuma alkawari kaya ne.

Ranar Lahadi na sa farar riga, na sa zanen a leda, na tafi. Na faɗi abin da na gani, suka rubuta, na dangwala yatsa. Jami'in ya karɓi zanen, sannan ya ce in kawo iƙama. Na ce babu. Ya daɗe yana kallona. Kwana huɗu na yi a hannunsu, suka yanke za a mayar da ni gida, amma don tsufata suka yarda Zaharadden ya tsaya mini har ranar jirgi. Sun ɗauki hoton idona da zanen yatsuna, ba ni ba dawowa.

Thanga ya isa gida. Matarsa ta turo hoto a wayar Sajida, maza sun ɗauko akwatin a kafaɗa suna hawan dutse, baƙin zanen a kai. Na duba, na miƙa mata wayarta. Na zaci zan ji daɗi ko in ji baƙin ciki, ban ji ko ɗaya ba. Abinci in an ajiye in ci, in ba a ajiye ba ban tunawa. Zaharadden bai ƙara yi mini magana ba, sai sabon akwati da ya aiko. Jiya na je maƙabartar da aka sa uwar yaran, Zinariya, na tsaya bakin katanga na yi mata addu'a, na gaya mata zan tafi.

Jirgina ran ashirin ga wata, a Kano zai sauka. Ki sa a share mini ɗakin Baba in har yana tsaye. Wanda zai tarbe ni ya rubuta sunana a kwali ya ɗaga, sai in sa wani ya karanta mini, don ba zai gane ni ba, ni ma ba zan gane shi ba.

Ki gaishe da Malam Ubale, da Abdallah da matarsa Sadiyya, da Hikima da yaranta. Waɗanda suka rasu ban ji ba, ki bari sai na zo ki gaya mini su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Gwadabe