Biro Biyu da Yaya Ya Aiko wa Baba

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Na ji har yau allurar ciwon suga, insulin ɗin kwalba, kuke yi masa, ɗaya fari kamar madara, ɗaya garau. Haba! Shekarata tara a kantin magani, wannan ko kyauta ba na ba mutum. Ga na zamani nan, irin mai kama da biro. Mai murfin toka sau ɗaya a yini, aikinsa a hankali har gobe. Mai jan murfi yana da sauri, sai abinci na gabansa. Na rubuta adadin a jiki, ko ɗan firamare zai gane, balle malama.

Yayanki.

Yaya,

Lafiya lau, sannu da ƙoƙari, likitan nesa. Na kwalbar da ka raina shekara shida yana riƙe da sugansa. Biron naka suna cikin firij, ba zan taɓa su ba sai likitansa ya gani. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ke dai ba kya so a ce wani ya fi ki sani. Na kira Baba da kaina na yi masa bayani, ya ce to. Ki ci gaba da murza kwalbar madararki.

Yayanki.

Yaya,

Daga asibiti nake gaishe ka. Ran Talata na dawo daga makaranta na tarar da Baba a ƙasa gefen keken ɗinkinsa, gumi sharkaf, suga ya faɗi. Bironka mai saurin ya ɗauko daga firij ya yi wa kansa, a adadin mai murfin toka na yini guda, ciki babu komai.

Tun bara Baba ba ya ganin launi, balle rubutunka. Ni nake ja masa a sirinji kafin in fita, in ajiye na madarar a kofi, garau ɗin a faranti, da lalube yake gane su. Biron naka kuwa a hannu duk ɗaya ne. Ya ƙi ce maka a'a don kada ka ga ya raina kyautarka.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Subhanallahi! Ya farfaɗo? Don me ba wanda ya gaya mini zancen idonsa?

Yayanki.

Yaya,

Ya farfaɗo. Yana buɗe baki ya ce kada in gaya maka, wai za ka ji kunya. Ni kuwa na ga gara ka ji.

Ƙanwarka.